SIRIRI KO RAMAMME? TARIHIN KALMOMIN SIRANTA A HARSHEN TURANCI

A wannan wata za mu ɗan leƙa rumbun Turanci, watau harshen da 'ya'yanmu ke ɗaukar darasi da rubuta jarrabawa da shi, wanda kuma da shi ake rubuta mana katin asibiti a wannan ƙasa tamu ta Gana. Abin da za mu duba shi ne kalmomin da Bature ke amfani da su idan zai siffanta mutumin da ba shi da ƙiba.

Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. To amma duk Bahaushe ya san bambancin a ce da 'yarsa siririya da a ce da ita ramammiya. Siranta halitta ce, wani lokaci ma yabo ce. Rama kuwa tana jawo tambaya: me ya same ta, ciwo ne, ko yunwa, ko ɓacin rai? In kuma aka ce ta ƙanjame, to sai hankalin gida ya tashi. Shi ma Turanci yana da irin waɗannan matakai, kuma kalmominsa na wannan fanni sun haura goma sha biyu. Yawancin ɗalibanmu biyu ko uku suka sani, suna kuma ɗaukarsu duk ɗaya. Shi ya sa yaro zai so ya yabi yayarsa a insha'i, sai ya rubuta cewa ita "skinny" ce, bai san ya muzanta ta ba.

Kowace daga cikin kalmomin nan tana da lokacin da ta shigo harshen da kuma ƙofar da ta biyo. Wanda ya bi sawunsu zai ga cewa Turawan Ingila sun daɗe suna kallon rama yadda iyayenmu ke kallonta, watau alamar yunwa da ciwo. Sai da abinci ya wadata a ƙasarsu sannan rashin ƙiba ya koma abin ado.

Kalmomin gado

Mafi tsufa a cikinsu ita ce "thin". Ta zo ne tare da ƙabilun da suka ƙetaro teku daga yankunan arewacin Jamus da Denmak na yau, suka zauna a tsibirin Birtaniya tun ƙarni na 5. A tsohon Turanci ana rubuta ta "þynne", da wani harafi mai kama da "p" wanda daga baya aka watsar, aka sa "th" a madadinsa. Masana asalin kalmomi sun danganta ta da wani daɗaɗɗen tushe mai ma'anar miƙewa ko ja. Dalilin a fili yake, domin abin da aka ja ya miƙe, kamar ƙirgi ko danƙo, dole ya yi siriri. Daga wannan tushe ne Jamusanci ya sami "dünn", Latin ya sami "tenuis", haka kuma kalmar "tent", watau ƙyallen da ake ja a kafa rumfa, wadda mu Hausawa muka ara muka mayar tanti. Ashe duk wanda ya zauna a ƙarƙashin tanti ranar suna, yana inuwar ɗan'uwan "thin" ne. Har yau ita ce kalmar tsaka-tsaki. Ana faɗinta ga mutum, da takarda, har da koko idan ya tsinke.

Ta biyu ita ce "lean", wadda a da ake rubutawa "hlæne". Ma'anarta rashin kitse, shi ya sa mahauci a Ingila ke kiran tsoka zalla da wannan suna. A ƙissar Annabi Yusufu, alaihissalam, inda sarkin Masar ya yi mafarkin shanu bakwai ramammu suna cinye bakwai masu ƙiba, da wannan kalma ce Marmaduke Pickthall a 1930 da Abdullah Yusuf Ali a 1934 suka siffanta ramammun a fassararsu ta Alƙur'ani zuwa Turanci. Bature na kiran shekarun fari "lean years", kuma a nan ƙasar jami'an aikin gona na kiran watannin da rumbu ya yi ƙasa kafin sabon amfani ya nuna "lean season". A wasan kwaikwayon Julius Caesar, wanda Shakespeare ya rubuta wajen 1599, Caesar ya nuna cewa ya fi son masu ƙiba su kewaye shi, yana kuma tsoron Cassius saboda ramarsa, don a ganinsa ramamme ya cika tunani, mai yawan tunani kuwa abin tsoro ne. A yau kalmar ta sami daraja, domin ɗan dambe ko ɗan tsere mai jiki a murɗe ake ce wa "lean".

Akwai kuma "lank", abin da ya saki ba komai a ciki, kamar buhun da aka zazzage. Daga gare ta aka sami "lanky", dogo siriri mai dogayen gaɓɓai wanda tafiyarsa ba fasali. Ita ma kalmar "starve" tana da labari. A tsohon Turanci ma'anarta mutuwa kawai, kowace iri, kamar yadda 'yar'uwarta "sterben" take har gobe a Jamusanci. A hankali ma'anar ta tsuke ta tsaya kan mutuwar yunwa. Ingila ta san wannan mutuwa sarai, domin daga 1315 zuwa 1317 ruwan sama ya lalata amfanin gona a arewacin Turai, mutane masu ɗimbin yawa suka halaka.

Baƙin da suka zo da takobi

Daga shekarar 793 mayaƙan teku na ƙasashen Sikandinebiya, waɗanda ake kira Viking, suka fara kai wa Ingila hari, daga baya wasunsu suka zauna suka yi aure. Su ne suka kawo kalmar "skin", watau fata. Daga gare ta aka ƙera "skinny", wadda da farko take nufin abu mai kama da fata. Wajen shekarar 1600 ta koma nufin mutumin da ba abin da ya rage masa sai fata. A wasan Macbeth, Shakespeare ya siffanta leɓɓan wata mayya da ita, to kun ji irin wurin da kalmar ta fara zama. Ko da yake masu sayar da tufafi sun laƙaba ta ga matsattsen wando tun shekarun 2000, har yanzu in ka faɗa wa baƙo ita a kan jikinsa, bai zama lallai ya gode maka ba.

A 1066 kuma William na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu har tsawon shekaru kusan 300. Ta wannan ƙofa "meagre" ta shigo a ƙarni na 14. 'Yan'uwanmu na Togo da Burkina Faso da Kwaddebuwa za su gane ta nan take, domin ita ce "maigre" ta Faransanci, asalinta kuma "macer" ta Latin. A da mutum ake ce wa "meagre", amma yanzu an fi jin ta a kan albashi ko abincin da bai taka kara ya karya ba, abin da malaman makaranta ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kansa.

A wannan zamani ne "slender" ta bayyana. Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya siffanta wani wakilin gandu da ita a littafinsa na Canterbury Tales, mutum mai saurin fushi da ƙafafu kamar sanda. Ba yabonsa ya yi ba. Shakespeare ma ya raɗa wa wani wawan saurayi suna Slender. Daga baya ne kalmar ta gyaru, har ta zama ta mawaƙa, irin wadda ake faɗa wa barewa ko budurwa mai dogon wuya. Ita ce ta fi kusa da siririya a ma'anar yabo.

"Gaunt" ta fito a ƙarni na 15, tana nufin wanda kumatunsa suka faɗa, idanu suka zurma, saboda ciwo ko tsufa ko wahala. An yi wani basarake, John of Gaunt, ɗan Sarki Edward na 3, wanda aka haifa a 1340 a birnin Ghent na ƙasar Beljiyam ta yau, daga nan ya sami laƙabinsa. Sunan da kalmar ba su da dangantaka, amma a wasan Richard II an nuna shi a gadon mutuwa yana wasa da sunan nasa, cewa ya dace da halin da jikinsa ke ciki. "Haggard" kuwa daga bakin masu farauta da shaho ta fito. A ƙarni na 16 haka suke kiran shahon da aka kama da girmansa a daji, wanda bai saba da hannun mutum ba, kullum ido a zazzare. Daga nan aka ara wa fuskar wanda bai yi barci ba, ko wanda damuwa ta cinye. A ƙarni na 19 kuma Amurkawa suka yaɗa "scrawny", wadda ta fi dacewa da figaggiyar kaza.

In mun lura, duk kalmomin da muka ambata zuwa nan, babu ko ɗaya da aka haifa don yabo.

Yadda "slim" ta wanke sunanta

Kalmar da 'yanmatanmu suka fi so a yau ita ce ta fi kowace mummunan asali. "Slim" ta shigo Turanci a tsakiyar ƙarni na 17 daga harshen mutanen Holan, lokacin da ƙasashen biyu ke gogayya a kan cinikin teku. Waɗannan mutanen Holan ɗin ne suka ƙwace ganuwar Elmina daga hannun Fotugis a 1637, suka riƙe ta har 1872. A tsohon harshensu kalmar na nufin karkatacce, sannan mugu, sannan mai wayo. A Jamusanci har yau "schlimm" na nufin abu marar kyau. A harshen Holan na yanzu da na Afirkans "slim" na nufin mai wayo, shi ya sa Turawan Afirka ta Kudu suka yi wa Janar Jan Smuts laƙabi da Slim Jannie, ba don jikinsa ba, don dabararsa.

Da ta shigo Ingila ba a karɓe ta hannu biyu-biyu ba. Samuel Johnson, wanda ya wallafa shahararren ƙamusunsa a 1755, ya sa ta a ciki amma ya yi gargaɗi cewa maganar 'yan tasha ce, bai kamata a yi amfani da ita ba. Ragowar tsohuwar ma'anarta ta rashin auki tana nan, domin idan likita ya ce damar warkewa "slim" ce, yana nufin ƙalilan ce, ba labari mai daɗi ba ne.

To me ya juya kiɗan? Cikin ƙarni na 19 masana'antu da jiragen ƙasa da na ruwa suka sa sukari da fulawa da nama suka yi araha a Ingila fiye da da. Da ƙiba ta zama abin da ɗan kasuwa da akawu ke iya samu, sai ta daina zama tambarin masu hannu da shuni. A farkon ƙarnin ne masu faɗa-a-ji suka aro "svelte" daga Faransanci, wanda shi ma ya aro ta daga "svelto" ta Italiyanci. Ita kam tun ranar da ta shigo kalmar yabo ce, ta mai siririn jiki da iya ɗaukar tufa.

A 1863 wani mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, William Banting, ya buga ɗan littafi mai suna Letter on Corpulence. Gajere ne, nauyinsa ya kai fam 202, har saukowa daga bene sai da baya yake yi saboda ciwon gwiwa. Bisa shawarar likitansa ya rage burodi da sukari da dankali da man shanu da giya, ya zubar da fiye da fam 40. Littafin ya karɓu ƙwarai, har sunansa ya zama aikatau, mutum ya ce yana "banting", watau yana rage ƙiba. A harshen Suwidin har yanzu "banta" ake cewa. A 1918 wata likita a Amurka, Lulu Hunt Peters, ta fitar da littafin da ya koya wa mata ƙidayar kalori, ma'aunin ƙarfin da ke cikin abinci. Zuwa wajen 1930 "slim" ta zama aikin da mutum ke yi da gangan, "slimming". A 1966 jaridun Landan suka ɗaukaka wata yarinya 'yar shekara 16 mai tallan tufafi, Lesley Hornby, wadda duniya ta sani da Twiggy, daga "twig", watau tsinken reshe. Abin da da can zai zama zagi a filin wasa ya zama sunan kasuwa.

Wannan sauyi bai zo kyauta ba. Tun 1873 Sir William Gull, ɗaya daga cikin likitocin Sarauniya Victoria, ya raɗa sunan "anorexia nervosa" ga ciwon da ke sa mutum, galibi budurwa, ya ƙaurace wa abinci alhali ga shi a gabansa. Kalmar "anorexia" daga Girkanci take, ma'anarta rashin sha'awar ci. Ciwo ne na gaske, kuma yana kisa.

Kalmomin katin asibiti

Akwai rukuni na ƙarshe wanda ya fi kowane muhimmanci ga iyaye. "Emaciated" ta shigo a ƙarni na 17 kai tsaye daga Latin, daga tushe ɗaya da "meagre". Ita ce ƙanjamewa, kuma in likita ya rubuta ta, to magana ta yi nauyi. "Underweight" kuwa kalmar sikeli ce. Ana raba nauyin baligi a kilo da tsawonsa a mita sau kansa, lissafin da wani masani ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro a shekarun 1830. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda sakamakonsa ya gaza 18.5 nauyinsa bai kai ba. Alal misali, mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 50 zai sami 17.3, ya gaza ke nan, amma in kilo 60 ne zai sami 20.8, lafiya lau. Ga yara daga wata 6 zuwa shekara 5 kuwa, ma'aikatan awo kan zagaya damtse da ɗan tef, in bai kai santimita 11.5 ba to tamowa ta yi tsanani. A katin irin wannan yaro za a ga "wasting" ko "marasmus", ta biyun daga kalmar Girkanci mai nufin yanƙwanewa.

A nan ne ƙasarmu ta ba Turanci tata gudummawa. Dakta Cicely Williams, 'yar asalin Jamaika, ta zo Gwalkwas a 1929 ta yi aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise da ke Akra. Ta lura da wani ciwo mai sa ƙafafun yaro su kumbura, gashi ya yi ja, fata ta saɓule, alhali tsokar jiki ta zube. Ta saurari abin da Gāwa ke kiransa, watau ciwon da yaro ke kamuwa da shi in an yi masa ƙane an ture shi daga nono. A 1935 ta buga sunan a mujallar likitoci ta Lancet, daga nan "kwashiorkor" ta shiga ƙamusun duniya.

A 1985 kuma, a wannan mujalla dai, Dakta David Serwadda da abokan aikinsa suka ba da rahoton wata sabuwar cuta a gundumar Rakai ta Yuganda. Mutanen yankin "slim" suke kiranta, saboda yadda take tsotse mutum. Kalmar da ake talla da ita a Landan ta zama sunan ajali a bakin tafkin Victoria. Mu ma ta fuskar jiki muka kalli cutar muka ce ƙanjamau. Sai dai ya kamata mu sani cewa da magungunan da ake da su yanzu, mai ɗauke da ƙwayar cutar na iya zama da jikinsa mul-mul, kuma ramamme na iya kasancewa tarin fuka ne ko ciwon sukari ke damunsa. Gwajin asibiti ne kaɗai ke raba gardama, ba nuni da baki ba.

Dattawan zangunanmu, daga Nima har Aboabo, ba su manta da 1983 ba, shekarar fari da gobarar daji, wadda a cikinta Nijeriya ta koro 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka dawo gida ba abinci. Mutane suka rame har ƙasusuwan wuya suka fito fili, sai masu barkwanci suka raɗa musu "Rawlings chain", wai sarƙar wuya ce ta shugaban ƙasa na lokacin. Wannan ma Turanci ne, ƙirar gida, kuma ya nuna cewa inda yunwa take, ba wanda ke yi wa rama kirari.

Abin da ya rage gare mu

Ga malamai da ɗalibai, tsanin a taƙaice shi ne: "slim" da "slender" da "svelte" yabo ne, "lean" na mai ƙarfi ne marar kitse, "thin" tsaka-tsaki ce, ko da yake takan ɗauki damuwa, "skinny" da "scrawny" da "lanky" na tsokana ne, a bar su tsakanin abokan wasa, "gaunt" da "haggard" na wanda wahala ta taɓa ne, "emaciated" da "wasting" na asibiti ne. Yaron da ya riƙe wannan zai ƙara maki a jarrabawa, zai kuma tsira daga ɓata wa mutane rai, tun da magana zarar bunu ce.

Ga iyaye kuwa, 'ya'yanmu mata suna tsakanin murya biyu. A waya da talabijin ana ce musu kyau shi ne "slim", ana tallata musu shayin rage ƙiba. A gida kuma gwaggo na cewa wa zai auri sillen kara, har wasu su koma shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Daga cikinsu akwai dexamethasone, maganin da in an daɗe ana sha ba da umarnin likita ba yakan jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Tarihin da muka bi ya nuna cewa kalmar da ake yabo da ita yau, jiya zagi ce, kuma abin da ya sauya shi ne cikar rumbun masu harshen. Saboda haka mu koya wa yara kalmomin da kyau, amma batun ko jikin yarinya ya yi daidai, a bar wa sikeli da ma'aikacin lafiya. In siranta ce ta halitta, a ƙyale ta ta sha iska. In kuwa rama ce ta zo farat ɗaya, a kai ta asibiti tun da wuri.

Allah ya ba mu lafiya da wadatar abinci, ya raya mana zuriya. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa.